Naman Halal a Ƙofar Mashaya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wani direban babbar mota mai bin hanyar Damagaram zuwa Agadas ya tare ni bayan sallar La'asar a Tanut, ya ce: "Allah gafarta Malam, in dare ya yi ba na samun balangu sai a ƙofar mashaya. Ni ba na sha. In zauna in ci?"

Naman halal ne, tun da Musulmi ya yanka. To, zaman fa? Tirmizi ya ruwaito hani ga mai imani ya zauna inda ake zagayawa da giya, ko da bai kurɓa ba. Mutumin Belbeji da ya gan ka bisa bencin nan ba zai leƙa kofinka ba. Yaron motarka kuwa, wanda uwarsa ta damƙa maka amana, zai tashi yana ganin wurin ba abin kunya ba ne. Wannan shi malamanmu na Malikiyya suke kira saddu zari'a, wato toshe kafar ɓarna. Na ce ya saya, a naɗe masa, ya koma gindin motarsa.

Mahaucin ne ya fi damuna. Ba a ambace shi cikin mutum goma da aka la'anta saboda giya ba, amma ya san abin da ya sa ya kafa tukuba can: mashayi ba ya taya nama. Shekarar da gero ya ƙi a Damargu, cinikin nan ke ciyar da iyalinsa. Sau biyu ina zuwa wurinsa. Har yanzu yana neman rumfa a tasha.