Bulala ko Yabo: Wanne ne ke Gyara Yaro?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, wani magidanci a nan Hawandawaki ya tsaya da ni bayan sallar La'asar yana kuka da mushen ɗansa. Wai ba ya duka, sai dai idan yaro ya faɗi gaskiya ko ya taimaki ɗan'uwansa ya yabe shi a gaban aji. Ya ce, "Malam, ashe ba riya ake koya wa yaranmu a lakwal ba?"

Tambaya ce mai nauyi, domin aikin da aka yi don idon mutane ba ya da lada. Amma mu tuna yaro bai balaga ba, alƙalami bai hau kansa ba. Abin da ake shukawa a cikinsa sabo ne. Niyya takan biyo baya idan hankali ya cika. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya karantar a cikin Ihya'u cewa a yabi yaro a bainar jama'a idan ya nuna hali nagari, laifinsa na farko kuwa a kau da kai, kada a tona masa asiri. Ibnu Haldun ya ƙara da cewa tsanani yakan koya wa ɗalibi ƙarya da yaudara, saboda tsoron hannun da ke kansa.

Wannan na gani da idona. Muna ƙanana, wani ɗan ajinmu ya zubar da tawada, ya amsa da bakinsa, aka zane shi. Daga ranar duk muka gane cewa musu ya fi sauƙi.

Na san wani zai ce, ai mu da bulala aka tashe mu. To, Ibnu Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan, bai yarda malami ya wuce bulala uku a kan karatu ba. Anas ɗan Malik kuwa shekara goma ya yi yana yi wa Manzon Allah (S.A.W.) hidima, bai taɓa yi masa tsawa ba.

Sharaɗi ɗaya dai nake kafa wa malamai: a yabi aikin, a faɗi sunansa, kada yabon ya tsaya kan ɗan mai kuɗi ko mai kaifin ƙwaƙwalwa kaɗai. Shi kuwa mai tambaya, na tuna masa ranar saukarsa ta Alƙur'ani, da zayyanar da aka yi wa allonsa, da walimar da mahaifinsa ya tara mutane. Sai ya yi dariya, ya ce har yanzu allon yana rataye a ɗakinsa.

Wallahu a'alamu.