SON TATSUNIYA DA MUTUNCIN ƊAN ADAM: INA IYAKAR HAƘƘIN MAI KALLO?

Tambayar da za a duba a wannan mako ita ce: in mutum ya ƙaunaci aikin da wani ya yi, har ƙaunar ta kai matuƙa, shin wannan ƙauna tana ba shi wani haƙƙi a kan aikin da kuma a kan mai aikin? In kuwa tana ba shi, ina haƙƙin ya tsaya? Abin da ya jawo tambayar shi ne halin da masoyan wani fim na Amurka mai suna Star Wars, watau Yaƙin Taurari, suka nuna cikin shekarun da suka wuce. Kada mai karatu ya ɗauki zancen sinima a kan abin wasa, domin a cikinsa akwai waɗanda aka ci mutuncinsu, akwai ma wanda ya kusa rasa ransa.

An fara nuna wannan fim ran 25 ga Mayu, 1977, a gidajen sinima 32 kacal a Amurka. Wanda ya tsara labarin ya kuma shirya shi sunansa George Lucas, an kashe masa kimanin dala miliyan 11. Labari ne na ƙage game da wani saurayi ɗan ƙauye wanda ya shiga yaƙi da wata azzalumar daula a sararin samaniya, ana ta gwabzawa cikin kumbuna da takubban haske. Ba a daɗe ba sai jama'a suka yi caa a kansa, layin masu sayen tikiti ya riƙa zagaye gidajen sinima, wasu suka kalle shi sau goma ko fiye. Kashi na biyu ya fito a 1980, na uku a 1983. Da aka zo fitar da wani sabon kashi a 1999, akwai waɗanda suka kwana makonni a bakin titi don kada a riga su shiga. A ƙidayar jama'a ta 2001 a Ingila da Wales, mutum 390,127 suka rubuta “Jedi”, sunan jaruman fim ɗin, a gurbin da ake tambayar addini. Galibinsu sun yi haka ne don ba'a ko don nuna ƙin tambayar, amma duk da haka ya isa ya nuna yadda labarin ya shiga rayuwar mutane.

Abu na farko da adalci ya wajabta shi ne a yarda cewa wannan ƙauna ta gaskiya ce, kuma ba abin dariya ba ce. Ɗan Adam tun asali mai son labari ne. Yaron da ya zauna gaban kakarsa da dare yana jin tatsuniya ya san ƙarya ce, amma zuciyarsa tana bugawa da gaske, kuma darasin da ya ɗauka yana binsa har girma. Haka nan wannan ƙauna ta haifar da alheri a wurare da dama. Akwai wata ƙungiyar masoyan fim ɗin mai suna 501st Legion, wadda aka kafa a 1997, mambobinta suna sa tufafin mutanen cikin labarin suna ziyartar yara marasa lafiya a asibitoci, suna kuma tara kuɗin taimako. A 2012 wasu masoya suka haɗa kuɗi suka tafi kudancin Tunisiya, inda aka ɗauki wani sashe na fim ɗin farko, suka gyara ɗan ginin da aka yi amfani da shi bayan ya lalace. A Nuwamba 2015 kuma, da aka ji labarin wani mutum a jihar Texas wanda ciwon daji ya ci ƙarfinsa, kuma babban burinsa shi ne ya ga sabon kashi kafin ya mutu, sai masoya suka yi ta roƙo har aka kai masa fim ɗin gida tun ba a fitar da shi ba. Ya kalla, bayan 'yan kwanaki ya rasu.

To, masu irin wannan ƙauna suna da hujja in suka ce suna da haƙƙi. Hujjar tasu ita ce: labari ba ya rayuwa sai da mai saurare, da kuɗinsu da lokacinsu aka gina wannan dukiya, wadda kamfanin Disney ya saya a 2012 a kan fiye da dala biliyan 4. Sun fara ɗaga wannan hujja sosai a 1997, lokacin da Lucas ya sake fitar da tsofaffin fina-finan bayan ya yi musu gyare-gyare. A asali akwai wurin da wani jarumi mai suna Han Solo ya harbe ɗan farautar da ya tsare shi tun kafin wancan ya harba. A sabon gyara sai aka sa abokin gabar ne ya fara harbi. Masoya suka ce an sauya halin mutumin da suka sani. Abin da ya fi yi musu zafi shi ne an daina fitar da na asali cikin kyakkyawan tsari, sai dai wani kwafi mai rauni da aka haɗa da faifan DVD a 2006. Abin mamaki kuwa, shi kansa Lucas ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka a 1988 yana sukar masu sauya tsofaffin fina-finai, a kan cewa gadon al'umma ne.

A nan masoya suna da gaskiya gwargwado. Mai gini yana da ikon ya ƙara ɗaki a gidansa, amma abin da aka miƙa wa jama'a suka karɓa, suka yi shekara 20 suna tunawa da shi, ɓoye shi daga gare su akwai tauye haƙƙi a ciki, ko da doka ta yarda. Saboda haka mai kallo yana da haƙƙoƙi guda uku waɗanda hankali ba ya musu. Yana da haƙƙin ya ce aiki bai yi kyau ba, ya kuma kawo dalilinsa. Yana da haƙƙin ya riƙe kuɗinsa ya ƙi zuwa kallo. Yana kuma da haƙƙin ya nemi a adana abin da ya zama tarihi kamar yadda yake. Ba yau aka fara irin wannan ja-in-ja ba. A 1893 marubucin Ingila Arthur Conan Doyle ya kashe jarumin labaransa Sherlock Holmes, masu karatu suka yi ta ƙorafi, har daga baya ya dawo da shi.

Amma sai a dubi inda aka wuce gona da iri. A fim ɗin 1999 akwai wata halitta ta barkwanci mai suna Jar Jar Binks, wadda jama'a da yawa suka ƙi. Wanda ya yi muryarta da motsinta wani saurayi ne baƙar fata, Ahmed Best, yana da shekara 25 a lokacin. Maimakon a tsaya ga sukar halittar, sai aka juya kansa da zagi da izgili, har da barazanar kisa. A 2018 ya bayyana cewa abin ya kai shi gab da hallaka kansa. A 2014, da aka nuna tallan sabon kashi aka ga John Boyega, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, sanye da kayan sojan daular, wasu suka ta da jijiyar wuya don kawai launin fatarsa. Bayan fitowar kashi mai suna The Last Jedi a Disamba 2017, sai aka far wa Kelly Marie Tran, 'yar wasu 'yan gudun hijira daga Biyetnam, ana zaginta a kan asalinta da surarta, har a Yuni 2018 ta goge duk abin da ta sa a Instagram. Daga baya ta rubuta a jaridar New York Times cewa abin da ya fi cutar da ita shi ne ta fara gaskata abin da ake faɗa a kanta. Shi ma Lucas, a wata hira a 2012, ya nuna cewa ba ya ganin dalilin ci gaba da yin waɗannan fina-finai alhali kullum ana yi masa tsawa ana kiransa mutumin banza.

Ko ɗaya daga cikin haƙƙoƙin nan uku bai kai ga wannan ba. Suka tana sauka ne a kan aiki, cin mutunci kuwa yana sauka a kan mutum, tsakaninsu akwai rata mai faɗi. Ɗan wasa ma'aikaci ne da aka ɗauka, aka ba shi rubutu ya faɗa. Ba shi ya tsara labarin ba, ba shi ya zaɓi inda za a sa shi ba. Zaginsa saboda laifin rubutu shi ne abin da Hausawa ke kira an bar jaki ana dukan taiki. Ko da a ce shi ne ya rubuta, rashin iya tsara tatsuniya ba laifi ba ne da zai halatta jinin mutum ko mutuncinsa. Babban kuskuren a nan shi ne an juya ma'auni: an ɗauki wanda ba shi da rai, wanda ba ya jin zafi, an ba shi kariyar da ta dace da mai rai, an kuma ɗauki mai rai, mai uwa da uba da 'ya'ya, an mayar da shi kamar zane a jikin bango.

Me ya sa ƙauna take rikiɗa ta zama irin wannan ƙiyayya? Wanda ya lura zai ga cewa da yawa daga cikin masu fushin nan ba fim ɗin kaɗai suke ƙauna ba, suna ƙaunar ranar da suka fara ganinsa ne. Yaron da ya shiga sinima a 1977 yana ɗan shekara 10, ya koma a 1999 yana da 32, yana sa ran ya sake jin abin da ya ji a wancan karo. Wannan kuwa ba ya hannun Lucas, ba ya hannun kowa, domin ƙuruciya in ta wuce ba a sayo ta da tikiti. Da bai samu ba, sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Dalilin da ke ƙarfafa wannan fassara shi ne yaran da suka tashi da fina-finan 1999 zuwa 2005, da suka girma, da yawansu sun fito suna kare waɗannan fina-finai da irin zafin da iyayensu suka kare na farko. Ashe abin da kowane ɓangare yake karewa shi ne yarintarsa.

Akwai kuma wata shubuha da take sa mutumin kirki ya shiga cikin wannan ɓarna ba tare da ya ji nauyi ba. Yakan ce a ransa: kalma ɗaya na rubuta, cikin dubbai, me za ta yi? To, wanda ake zagi ba kalma ɗaya yake gani ba, dubban yake gani, kuma dubban nan ba daga sama suka faɗo ba, ɗaya-ɗaya aka tara su. In mutum ɗari suka jefi mutum ɗaya, kowa da tsakuwarsa, ba za a ce laifin ya kasu kashi ɗari har ya zama ba kome ba. Kowane mai jifa ya san akwai masu jifa tare da shi, kuma da saninsa ya ƙara tasa. Intanet ta sauƙaƙa wannan, domin tana ɓoye fuskar mai zagi, tana kuma ɓoye masa fuskar wanda yake zaga. Amma ɓoyuwar fuska ba ta sauya hukuncin aiki. Magana zarar bunu ce, ko da baki aka yi ta ko da yatsa.

Wani zai iya cewa: ai kamfanonin da kansu ne suke hura wannan wuta, suna sayar da kayan wasa da riguna, suna kiran masu saye 'yan'uwa, sa'an nan in an soki aikinsu su fake da cewa duk masu suka 'yan wariyar launi ne. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana. Mafi yawan waɗanda ba su ji daɗin The Last Jedi ba, ba su zagi kowa ba, kuma zalunci ne a yi musu kuɗin goro da masu zagi. Shi kansa Boyega ya soki Disney a 2020 a kan cewa an yi talla da shi kamar babban jarumi sa'an nan aka ture shi gefe. Kamfanin da ya ci ribar ƙaunar jama'a, wajibi ne ya saurari ƙorafinsu, ya kuma tsaya wa ma'aikatansa in an far musu. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Sai dai laifin kamfani ba ya wanke mai zagi. Wanda aka cuta a ciniki ya nemi haƙƙinsa wurin mai kanti, kada ya mari yaron da ya miƙo masa kaya.

Saboda haka amsar tambayar ita ce: ƙauna tana ba mai kallo haƙƙin magana a kan aiki, amma ba ta mallaka masa mai aikin. Ma'aunin da kowa zai iya gwada kansa da shi mai sauƙi ne. Kafin ya saki kalma, ya tambayi kansa ko zai iya faɗinta a gaban mutumin, ido da ido, mahaifiyarsa tana zaune tana ji. In ba zai iya ba, to, ba suka ba ce.

Abin da ya biyo baya yana nuna cewa taron da ya ɓata yana iya gyarawa. A babban taron masoyan fim ɗin da aka yi a Shikago a Afrilu 2019, jama'a sun miƙe tsaye suna tafa wa Kelly Marie Tran har ta yi hawaye, haka kuma aka karɓi Ahmed Best. A 2023 aka ba Best matsayin wani jarumin Jedi a cikin shirin The Mandalorian, masoya suka yi murna. Wannan abu ne mai kyau, ya kuma cancanci yabo. Amma tsakanin zagin 1999 da tafin 2019 akwai shekara 20 na rayuwar mutum, kuma tafi ba ya mayar da su. Mai hankali ba ya jira sai an kai ga neman gafara. Yakan riƙe harshensa tun ranar farko, ya soki tatsuniya in ta cancanci suka, ya bar wa ɗan Adam mutuncinsa.