Allurar Shafe Tamoji: Ado Ne Ko Gudun Tsufa?

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, mai karatu, yaya za a yi idan fuskar ta koyi ɓoye labari? Wannan ita ce tambayar da wata allura da ta yaɗu a Turai da Amurka ta jefo mana, wato allurar da ake yi a ƙarƙashin fata domin a cike tamoji da kwarmin nan da ke saukowa daga gefen hanci zuwa gefen baki.

Abin da ake ɗurawa sinadari ne mai suna hayaluronik asid. Karl Meyer da John Palmer ne suka gano shi a Jami'ar Kolumbiya ta Amurka a shekarar 1934, a cikin ruwan idon saniya. Ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam, domin akwai shi a fata da gaɓoɓi da ido, kuma aikinsa shi ne riƙe ruwa. Yayin da shekaru suka tura, sai ya ragu, kitsen fuska ya zube, fata ta saki. A 1996 wani kamfani na ƙasar Suwidin ya fito da Restylane, a 2003 kuma Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da shi. Juvéderm ya biyo baya a 2006.

Masu goyon bayan allurar suna da hujja mai ƙarfi. Suna cewa ai ɗan Adam bai taɓa barin fuskarsa yadda ta zo ba. Kwalli da lalle da jan baki duk gyara ne, ba wanda ya kira su ƙarya. Haka nan wanda ƙuraje suka bar wa tabo a kumatu, idan ya sami abin da zai cike masa ramin, wane ne zai ga laifinsa? Fuska tasa ce, kuɗi nasa ne.

Sai dai akwai bambanci. Kwalli ba ya ɓoye kansa, duk wanda ya gani ya san an sa. Ita kuwa wannan allura, nasararta ita ce kada a gane an yi ta. Kwalli yana ƙara wa fuska kyau, ita kuwa tana rage mata shekaru. Duk da haka, a ganina, babbar matsalar ba yaudara ba ce, tun da ba wanda ke bin wani bashin sanin shekarunsa daga goshinsa. Matsalar tana wasu wurare uku.

Na farko, ba saye ake yi ba, haya ce. Jiki yana narkar da sinadarin a hankali, galibi cikin wata 6 zuwa 18, sai a koma a sake biya. Wanda idonsa ya saba da sabuwar fuska, ranar da ta ainihi ta dawo sai ya ɗauke ta a matsayin ciwo. Ke nan an mai da tsufa, wanda ke jiran kowa, wata cuta mai neman magani har mutuwa.

Na biyu, zaɓin mutum ɗaya yana zama tilas ga saura. Duk malamin makaranta ya san cewa idan ɗalibi ɗaya ya miƙe tsaye a sahun gaba, dole na baya su miƙe, a ƙarshe ba wanda ya fi gani, gajiya kawai aka ƙara. Idan 'yan shekara 50 suka riƙa fitowa da fuskar 'yan 35, to wadda ta bar tata yadda take sai a ce ƙazama ce, ko ta saki jiki. Kuma mata ne suka fi ɗaukar wannan kaya, domin furfurar namiji dattako ake kiranta, tamojin mace kuwa a ce ta ƙare.

Na uku, akwai haɗari. Idan sinadarin ya shiga jijiyar jini ya toshe ta, fatar wurin na iya mutuwa, wani lokaci ma, ko da yake ba kasafai ba, a rasa gani. Akwai maganin da ke narkar da shi, amma sai a hannun likitan da ya san aikinsa. Shi ya sa a 2021 hukumar nan ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da na'urorin da ake sayarwa don mutum ya ɗura wa kansa.

Saboda haka ba na ɗora laifi a kan matar da ta je wurin likita. Sau da yawa tsoro ne ya kai ta, tsoron rasa aiki ko miji ko daraja a idon jama'a. Laifin yana kan idon da ke kallonta, wato namu. Al'ummar da ke wulaƙanta tsoho ba ta da bakin zargin mai gudun tsufa. Idan muka mayar wa tamoji darajarsa, wadda ta so allura za ta yi don ra'ayin kanta, wadda ba ta so kuma ta zauna da fuskarta ba tare da jin kunya ba.