Hanya Ɗaya, 'Yan Mata Biyu: Nasiha ga Ɗan Zangon Wagadugu

Ɗana, na ji ana cewa ka raina tatsuniya, wai zancen tsofaffi ne da yara masu jin barci. Zauna ka saurara. Kakanninka da suka kafa unguwar Zanguwetin a Wagadugu fatake ne masu bin hanyar Gwanja, daga Kano da Katsina har Salaga, neman goro. A kowane zango, in an sauke wa jakuna kaya an yi sallar lisha, sai hira. A cikin hirar nan suka bar mana tsarin yadda yaro ke zama mutum.

Ɗauki tatsuniyar Ruwan Bagaja. An kori 'yar bora ta je ta wanko ƙirgi a wani ruwa mai nisa. Duk abin da ta tarar a hanya, komai muninsa, ta yi masa sallama da ladabi. Da ta sauka a wani gida aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi aka ce ta dafa. Ba ta yi tsaki ba, ta hura wuta ta ɗora tukunya, tukunya ta cika. Da za ta koma aka ce ta zaɓi ƙwai, ta ɗauki ƙarami, daga cikinsa arziki ya fito. 'Yar mowa ta bi sawunta, ta yi wa masu gida gatsali, ta raina shinkafar, ta wawuri babban ƙwai, ta koma da masifa. Hanyarsu ɗaya, masaukinsu ɗaya. Hali ne ya raba su, kuma an gwada halin a kan ƙaramin abu, lokacin da ba wanda ya ce musu gwaji ake yi.

Haka labarin Bayajida yake. Kafin ya isa Daura sai da ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. A Daura gidan wata tsohuwa ya sauka, Ayana, ya roƙi ruwa ta ce ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, saboda maciji. Ya karɓi guga ya tafi cikin dare ya kashe shi, ya koma ya kwanta bai buga ganga ba. Da gari ya waye masu baki suka yi ta cewa su ne, amma kan macijin yana hannunsa. Ka lura, ƙishirwarsa ce ta kai shi rijiya, amma garin duka ne ya sha. Maƙwabtanmu Mosawa ma da tafiya suke fara tarihinsu: Yennenga ta bar gidan ubanta bisa doki, ta sauka a bukkar maharbi Riyale, suka haifi Wedraogo. Har yau babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO sunanta take ɗauke da shi.

To, ga rabonka a ciki. Fita daga gida ba ta isa abin alfahari ba, 'yar mowa ma ta fita. Na san zuciyarka tana Abijan, ko ramin zinariya, ko bayan hamada. Kafin ka ɗaga ƙafa, ina wuƙarka? Sana'a ce wuƙar yau. In maigidanka a garejin babur ya ce ka wanke ƙusoshi cikin kwanon fetur, wata da watanni bai ba ka sifana ba, wannan ita ce ƙwayar shinkafarka. In a bakin tukuba kake, aikinka fifita garwashi da daka ƙuli-ƙuli, yi shi da kyau, domin mai tsire yana kallonka ta wutsiyar ido. Jaka ɗaya ta halal da ka riƙe amana a kanta ta fi babban ƙwan da ake tallarsa a waya, mai cewa ka zuba kuɗi yau su ninka gobe. Kada kuma ka ɗauki Gizo abin koyi: yana ba mu dariya, amma wa ka taɓa ji ya ba shi ajiya?

Tatsuniya ba wahayi ba ce, kada ka haɗa su. Amma in ka je gaban malam, roƙe shi ya fassara maka Suratu Yusuf, ka ji yadda aka bi ta rijiya da bauta da kurkuku kafin a kai ga mulki, da yadda mai mulkin ya ciyar da 'yan'uwan da suka jefa shi.

A 2003 aikin sake gina tsakiyar birni, wanda ake kira ZACA, ya rushe tsohon Zango, wato Zanguwetin, dangi suka watsu zuwa sababbin unguwanni, zaurukan da ake hira a cikinsu suka tafi. Tsofaffin da suka san labaran nan suna raguwa. Je ka gaida kakarka a daren nan, ka ajiye waya, ka roƙe ta ta yi maka tatsuniya, gobe kai ma ka yi wa ƙannenka. Allah Ya yi maka albarka.