Jirgi bai tashi ba: kuɗin na wa ne?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya ƴan'uwa Musulmi, a shekarar 1441 (2020) annobar korona ta sa Sa'udiyya ta taƙaita Hajji ga mazauna ƙasarta, haka kuma a 1442. Akwai maniyyatanmu da suka riga suka zuba kuɗi, wasu bayan sun sayar da shanu ko gona. Jirgi bai tashi ba. To, kuɗin na wa ne?

A fiƙihunmu na Malikiyya tikiti haya ce: an biya ne domin a kai mutum. Idan kaiwar ta gagara har lokacin Hajji ya wuce, ƙulli ya warware, kuɗi ya koma ga mai shi. Bai halatta a tilasta masa ya jira baɗi ba. Dattijo bai san ko zai ga baɗi ba. In ya rasu, kuɗin na magada ne, watakila har da marayu.

Mu ma da namu nauyi. Wakilin da kuɗin suka maƙale masa a hannun kamfanin jirgi, in ya faɗi gaskiya, mu jinkirta masa, a rubuta ajali a gaban shaidu.

Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin wani. Amin.