HARAJIN LEMO DA SIGARI: A KANKI YAKE ƘAREWA, 'YAR UWA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta mana daɗaɗan abubuwa, ya kuma haramta mana munana. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yar uwata Musulma. Da yawanmu idan muka ji ana batun haraji a rediyo sai mu ce wannan zancen maza ne da manyan 'yan kasuwa. To ba haka abin yake ba. Akwai wani haraji da gwamnati ke ɗora wa kamfanoni, amma daga cikin kuɗin cefanenki ake fitar da shi. Shi ne ƙarin haraji na musamman da ake sa wa kayan da ke cutar da lafiya da kuma kayan ƙawa, bayan harajin VAT da aka saba, wanda aka ɗaga zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a shekarar 2020.

A watan Yunin 2018 Gwamnatin Tarayya ta ƙara naira 1 a kan kowane karan sigari, ya koma naira 2 a 2019, sannan naira 2 da kwabo 90 a 2020. A lokaci guda aka ƙara wa giya nata. A ƙarshen 2021 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗora naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari, aka fara karɓa a 2022. Tun kafin nan, a 2014, da farashin man fetur ya faɗi, ministar kuɗi ta lokacin, Ngozi Okonjo-Iweala, ta bayyana shirin sa ƙarin haraji a kan jiragen saman da attajirai ke saye don kansu da motocin alfarma. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Saudiyya ma a 2017 ta sa harajin kashi 100 cikin ɗari a kan taba da lemon ƙara kuzari, da kashi 50 a kan lemon kwalba.

To wa ke biya? Hukumar Kwastam tana karɓa daga kamfani. Kamfani ya ɗora wa dila a kasuwar Singa da ke Kano, dila ya ɗora wa mai shagon da ya je sari daga Kunci ko Shuwaki, ya haɗa da kuɗin mota, shi kuma ya ɗora wa yaron da kika aika da kuɗi a hannu. Kin ga ke nan duk wanda abin ya biyo ta kansa ya sauke nauyin, sai ke da ba ki da wanda za ki miƙa wa. A wurinmu kuwa kuɗi ba takarda ba ce kawai. Kwanon gero ne ko na gyaɗa da aka ɗebo daga rumbu aka kai kasuwa, bayan an sha wahalar kai taki da noma da girbi a 'yar gonar da gado ya riga ya rarraba.

Wata za ta ce, shin haraji ma ya halatta? Lalle Musulunci ya yi tir da karɓar dukiyar mutane da zalunci. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma a littafinsa Kitabul Farƙ ya soki sarakunan zamaninsa a kan jangali da sauran kuɗaɗen da suke ƙaƙaba wa talakawa. Amma malamai da dama sun bambance tsakanin wannan da abin da shugaba zai sa don maslahar jama'a, da sharaɗin a yi adalci wajen karɓa, a kuma kashe shi inda ya dace. Saboda haka muna da haƙƙin tambayar shugabanni: kuɗin da aka tara da sunan kare lafiya, ya isa asibitocinmu na karkara? Wannan amana ce da Allah zai tambaye su. Amma ke ma akwai taki tambayar.

Abu na farko da ya kamata ki riƙe shi ne, haraji ba ya halatta haram. Don an biya wa giya haraji, ba ta tashi daga uwar laifuffuka ba. Haka sigari: biyan kuɗin gwamnati bai cire masa cutar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 a kowace shekara, kuma a cikinsu har da waɗanda ba su taɓa sa ta a baki ba, hayaƙin wani kawai suke shaƙa, wato irinki da 'ya'yanki a ɗaki guda da mai sha. Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a Suratul Baƙara, aya ta 195. Kuma duk wadda ta karanta Arba'una Hadisi a Islamiyya ta san hadisi na 32, wanda ya hana mutum ya cutu ko ya cutar da wani.

Abu na biyu, lemo halal ne, kada wata ta fita ta ce an haramta shi a mujalla. Inda gizo ke saƙa shi ne wuce iyaka. A Suratul A'araf, aya ta 31, Allah ya ba mu izinin ci da sha, a cikin ayar kuma ya hana ɓarna. Masana lafiya sun ba da shawarar cewa ya fi kyau sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kamar cokalin shayi 6, alhali robar lemo ɗaya ta rabin lita tana iya ɗaukar cokali 10 ko fiye. A lissafin dokar 2021, harajin wannan robar naira 5 ne kacal. Ki gaya mini, naira 5 za ta hana wani sha? Ba za ta hana ba. Amma ciwon sukari idan ya shigo gida, shi ne mai karɓar harajin da ba ya jin magiya: kuɗin gwaji, kuɗin magani duk wata, kuɗin motar zuwa asibiti a Bichi ko Kano, wani lokaci har a sayar da akuya.

Sai batun ƙawa. Mu dai ba mu da jirgin sama da za a sa wa haraji, amma muna da namu. Ranar suna ko biki, sai ki ga mace ta ci bashi ko ta kwashe adashinta kaf don a jibge katan-katan na lemo, wai kada dangin miji su raina ta. Baƙi su watse da la'asar, bashi ya kwana da ita har kaka. Wannan harajin ba gwamnati ce ta sa mana ba, mu muka sa wa junanmu da gori da ƙananan maganganu. Ki tuna yadda Suratul Isra'i, aya ta 27, ta danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu. Wace mumina ce za ta so wannan dangantaka saboda "me za a ce"?

Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa mace mai kiwo ce a gidan mijinta kuma za a tambaye ta. Don haka ga abin da ke hannunki.

Na ɗaya, kada ki saba wa yaro da lemo a matsayin lallashi ko lada. Abin da harshe ya saba da shi tun yarinta da wuya ya bari. Fura da nono da kunun gyaɗa sun fi riƙe masa ciki.

Na biyu, idan maigida na shan sigari, ba da gori ko tonon silili a gaban yara za ki gyara shi ba. Ki nemi lokacin da ransa ke sake, ki yi masa lissafi cikin ladabi: "Malam, kara 10 a rana fa kara 3,650 ne a shekara, buhun taki nawa ke nan?" Ki roƙe shi ya daina sha a cikin ɗaki, kuma ya daina aiken yaro sayowa. Dokar taba ta 2015 ma ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Sannan ki dage da yi masa addu'a.

Na uku, ke mai sana'a a cikin gida. Idan kina sarin lemo, ki ƙara abin da aka ƙara miki, amma kada ki fake da "gwamnati ce ta ƙara" ki ninka riba, domin wannan ƙarya ce kuma algus ne. Kada ki haɗa sigari a cikin kayan tallar 'yarki komai ribarsa. Idan kuwa zoɓo ko kunun aya kike yi, ki gode Allah, wannan harajin bai hau kanki ba. Sai dai rashin haraji ba ya nufin rashin hisabi: zoɓon da aka cika wa sukari illarsa ɗaya da ta lemon kamfani. Ki rage sukari, ki yi da ruwa mai tsabta, ki wanke robobi sosai, sai Allah ya sa wa cinikin albarka.

Na huɗu, mu daina gorin biki. Wadda ta kawo mana kunu mu sha mu sa albarka, kada mu bi ta da ido.

Gwamnati iyakarta ta tsawwala farashi. Abin da zai shiga tukunyarki da cikin 'ya'yanki kuwa, ke za ki tsaya a kansa, kuma ke za a tambaya. Allah ya ba mu lafiya da wadatar zuci, ya shiryi mazajenmu da zuriyarmu, ya sa shugabanninmu su riƙe amana.