Ina Amfanin Injin Da Ba Za A Taɓa Ƙerawa Ba?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu fasaha, wato ko ya dace mutum ya ƙarar da basirarsa a kan abin da ba shi da amfani a zahiri. Bari mu auna ta da aikin Rube Goldberg, ɗan Amurka mai zanen barkwanci, wanda ya rayu daga 1883 zuwa 1970.

Shi dai injiniya ne, ya gama Jami'ar Kalifoniya a 1904, amma bai daɗe a aikin ba ya koma zane a jarida. Abin da ya fito da sunansa shi ne zana injuna masu sarƙaƙiya don yin aikin da yaro ma zai iya. A wani zanensa na 1931, mutum yana shan miya. Da ya ɗaga cokali sai zare ya fizgi ludayi, ludayi ya cilla biskit, tsuntsu ya bi biskit ɗin, sandar da yake kai ta karkace, tsaba ta zube cikin bokiti, nauyin bokiti ya kunna wuta, wuta ta tashi roka, roka ta sa lauje ya yanke igiya. Duk wannan wahala don ƙyalle ya goge wa mutumin haɓa!

Mai gaggawar hukunci zai ce sharholiya ce. To amma da wasa ake gaya wa wawa gaskiya. Mutumin nan yana da hannu, ƙyallen yana kusa da shi, sai dai son na'ura ya mantar da shi hannunsa. Alhali kuwa an ƙera inji ne don ya yi wa ɗan Adam hidima. Ranar da muka koma muna yi masa bauta, mun zama wannan mai shan miya. Dubi takardar da sa hannu ɗaya ya ishe ta, amma sai ta zaga tebur bakwai.

Haka a Ingila aka yi Heath Robinson, mai irin wannan zane. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masu warware saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park suka laƙaba wa wata na'urarsu sunansa. Ashe waɗanda ke tsakiyar aiki mai hatsari ma sun san darajar raha.

Ga mu marubuta, abin lura shi ne Goldberg bai rubuta nasiha a ƙasan zanensa ba. Ya dai tsare gaskiyar wasansa, kowane mataki na haifar da na gaba, har mai kallo ya yi dariya ya gane kansa. Mu kuwa mukan cusa wa labari wa'azi don tsoron a ce ba shi da amfani. Idan labarin ya ƙullu sosai, mai karatu zai ɗebi darasin da hannunsa.